Muryar Umma da Wayar da Ta Cika

"Me ka danna?"

Ya ɗago daga kan kofin shayinsa yana murmushin wanda ya yi abin kirki yake jiran yabo. "Wuri na buɗe miki, sahibata. Yanzu ki ɗauki bidiyo har ki gaji."

"Ban tambaye ka abin da ka buɗe ba. Me ka danna?!"

Murmushin ya gudu daga fuskarsa.

Jiya da yamma ne 'yarsu, wadda suke kira Tatata tun da ta fara dafa bango, ta saki kujera ta yi takunta na farko. Uwar ta rarumo waya za ta ɗauka, sai rubutu ya tare mata fuska: wuri ya cika. Kafin ta sami abin da za ta goge, yarinya ta zauna daɓas tana dariya. Ta yi ta mita har safiya. Shi kuwa mijin, mai gyaran firji ne, hannunsa ba ya ganin abu a lalace ya ƙyale. Tana yi wa Tatata wanka ya ɗauki wayar.

"Manhajojin kamfani na so cirewa," ya ce a sanyaye. "Wasan nan na ƙwallaye, da ta sayayya, da ta labarai, duk ba ki taɓa buɗe su ba. Wallahi babu inda za a goge su, da su wayar ta zo. Sai wata mai hoton tsintsiya ta ce akwai tsofaffin kaya masu cin wuri... sai na ce ta share."

Ta juya masa fuskar wayar. Shafin hirarta da mahaifiyarta Umma ne. Saƙonnin murya suna nan jere, amma duk sun dushe. Ta taɓa ɗaya, wayar ta ce babu shi.

Umma ba ta iya rubutu a waya ba, komai da murya take turowa. Ta rasu Tatata tana koyon zama. Tun daga ranar, idan kewa ta taso, nan take zuwa ta kara a kunne.

"Innalillahi..." Ya miƙe har shayin ya zube. "Sahibata, ban sani ba. Na rantse miki ban..."

"Waya ba firji ba ce, Abban Tatata! Ba komai ake kwancewa a zubar ba!"

Ya sunkuyar da kai. Ta so ta ƙara masa, kalmomin suna nan a bakin harshenta masu zafi, amma Tatata ta tsaya riƙe da ƙafar tebur tana kallon su da manyan idanunta. Ta haɗiye. Ba za ta bari 'yarta ta koyi ihu kafin ta koyi magana ba. Ta ɗauke ta, ta goge shayin da ya gangaro kusa da ƙafarta, ta shige ɗaki.

Kuka ta yi, ba kaɗan ba. Amma ita ba mai daɗewa a kan kuka ba ce. Tana share hawaye tana tunani. Abin da ka tura wa mutum, ai yana nan a wayarka ko da shi ya goge nasa. Sau nawa ƙanwarta ta ce, "Sake turo mini, na goge," ta kuma same shi a nata shafin?

Ta fito ta same shi zaune a inda ta bar shi.

"Tashi ka sa riga. Gidan Yaya za mu."

Ya ɗago da jajayen idanu. "Yaya?"

"Wayar Umma tana hannunsa. Duk abin da ta turo mini yana ciki."

Bai tashi ba. Ta san dalili. Yayanta bai taɓa son aurensu ba, har yau idan zai ambaci mijinta sai ya ce "mutumin naki". Wayar Umma kuwa ya kulle ta a durowa tun bayan rasuwar, bai kunna ba, bai bar kowa ya taɓa ba.

"Ka bar mini maganar," ta ce tana goya Tatata. "Zan ce ni na goge."

"A'a."

"Ka san halinsa. Zai riƙe ka da ita har abada."

"Ya riƙe. Na ɓata miki abu ɗaya yau, ba zan kuma sa ki yi ƙarya ba."

Ta kalle shi na ɗan lokaci. Fushin bai tafi ba, amma wani abu ya motsa a ƙarƙashinsa. "To ɗauko cajarka, mai siririn baki. Tawa ba za ta shiga ba."

Sun sami Yaya a falo yana duba takardun ɗalibansa. Ya karɓi Tatata yana yi mata wasa, ya amsa gaisuwar mijin da ƙyar kamar ana cire masa haƙori.

Mijin bai zauna a kujera ba. Ya durƙusa kan darduma ya faɗi komai, bai rage ba, bai ƙara ba.

Yaya ya ajiye alƙalami a hankali. "Muryar mahaifiyarmu ka share da tsintsiya?"

"Kuskure ne, Yaya."

"Kuskure! Shi ne kuka kwaso ƙafa, in ɗauko wadda ta rage in ba ka ita ma ka share?" Ya juya gare ta. "Ke kuma tun farko me na gaya miki? Mutumin da bai san darajar..."

"Yaya." Ba ta ɗaga murya ba. "Mijina ne. Ni ya ɓata wa, kuma ni zan yi masa faɗa, na ma riga na fara. Ba shari'a muka kawo maka ba."

"Au, bakinki ya buɗe ke nan?"

"Ya daɗe a buɗe, girmanka nake gani. Wannan mutumin da kake gani a ƙasa, na ce zan rufa masa asiri ya ƙi. Da ƙafarsa ya zo ya faɗa maka, ya san abin da zai ji." Ta matso kusa da shi. "Kuma ka ji tsoron Allah, Yaya. Waya idan ta daɗe a kulle batirinta kumbura yake. Kana ganin adana ta kake yi, alhali kashe ta kake yi a hankali. Ni dai na rasa nawa cikin minti ɗaya. Kai so kake mu rasa duka?"

 Tatata ta kama gilashin idon Yaya tana ja, bai ma hana ta ba.

"Ban iya kunna ta ba ne," ya ce daga baya, muryarsa ta sauya. "Na sha ɗauko ta... sai in mayar."

"To yau ba kai kaɗai ba ne."

Ya miƙa mata yarinyar ya shiga ciki. Ya dawo da wayar naɗe cikin ɗankwalin Umma, gilashinta da tsaga a gefe. Ita ya ba, ya harari mijin. "Kai kuma hannunka a aljihu."

"Yana ciki, Yaya."

Ta jona caja. Fuskar wayar ta zauna baƙa ƙirin. Ta ƙura mata ido. Mijin ya matso kaɗan, bai taɓa ta ba, sai dai ta ji numfashinsa kusa da kafaɗarta, yana ta karanto addu'a ƙasa-ƙasa.

Can sai ɗan jan layin batiri ya bayyana.

Da wayar ta gama farkawa, abin da ya fara fitowa shi ne rubutun nan: wuri ya cika. Ga wasan ƙwallaye, ga manhajar sayayya, ga mai hoton tsintsiya tana roƙon a bar ta ta yi shara.

"Ga ƙawarka nan tana gaishe ka," ta ce wa mijin.

"Allah ya raba ni da ita duniya da lahira."

Yaya ya yi ɗan tari don ya ɓoye dariya.

Ta buɗe shafin sunanta. Saƙonnin suna nan. Duk suna nan, ba wanda ya dushe. Ta taɓa ɗaya a tsakiya.

"Assalamu alaikum, 'yar nan, kin tashi lafiya? Ki riƙa sa wa yarinyar nan safa, na ga ƙafarta a hoto tsirara. To shi ke nan... Af, ya ake kashe abin nan ne? Kai! Babban banza, zo ka kashe mini!" Sai ga muryar Yaya daga nesa yana dariya: "Umma, ɗaga yatsanki kawai!" "To ai na ɗaga... ja'iri, dariya kake yi mini?"

Saƙon ya ƙare.

Yaya ya rufe fuskarsa da tafukansa biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Ita ma hawaye ne ke zuba, amma tana murmushi. Tatata ta miƙa hannu wajen wayar tana gwaranci, uwar ta ɗaga ta sama. "A'a, uwata. Wannan ba ta wasa ba ce."

Da Yaya ya samu ya nitsu, ya share fuska ya daɗe yana kallon mijin.

"Ka iya kwashe su a katin memori?"

"Na iya, Yaya. Amma... gara ita ta danna, ni in nuna mata."

"Ka yi hankali ke nan." Ya ja numfashi. "Ku yi kati uku, har da na auta. Kuma tashi daga ƙasan nan, Abban Tatata, ka hau kujera. Sai ka ce baƙo."

Mijin ya kalle ta kamar bai yarda da kunnensa ba. Ta matsa masa wuri kusa da ita.

"Kin yafe mini, hasken idona?" ya tambaya a hankali.

"Ban gama faɗan ba tukuna. Saura idan mun koma gida."

"Na yarda. Ki yi har ki gaji."

Ta laluɓo hannunsa daga aljihun ta riƙe gam, sannan ta danna saƙo na gaba.