Mata Biyu a Gaɓar Kogi

Saude ta ƙara girman hoton a wayarta.

Ita ce...

Tsaye a gaɓar kogin Haɗeja, mayafi ya zame, ido ya kafe a kan ruwa, ranar da kwale-kwale ya kife da mahaifinta Malam Shu'ibu yana ƙoƙarin ceto shinkafarsa daga ambaliya.

Bushira ce ta turo mata, 'yar baffanta, wadda tun da aka sa ranar Saude da Rilwanu mai hoto take cika tana batsewa. Har da tsokaci a ƙasa, wai ashe angon namu hawayen amarya ya kai Kano baje koli, 'yan gayu na tsayawa suna yabawa.

Kafin azahar magana ta zaga dangi. Yayanta Ya'u ya rantse ranar zai mayar da kayan sa rana, tunda gidansu ba a tallar kuka. Saude kuwa, ba surutun mutane ne ya dame ta ba. Abu guda ke cin ranta: ashe lokacin da duniya ta rufe mata, Rilwanu yana kusa, kuma ya sami natsuwar saita kyamara.

Bayan la'asar sai ga shi, ya rame, rungume da hotuna biyu da ya cire daga bangon baje kolin. Ya durƙusa a tsakar gida gaban kakarta, Iya 'Yar'azumi, ya ce ba don suna ya yi ba. A akwatin wani tsohon mai hoto ya tsinci na biyun, wani baƙo ne ya ɗauka a wata ambaliya tun kafin a haifi shi da Saude. Da ya ajiye shi kusa da na Saude sai tsigar jikinsa ta tashi, shi ya sa ya rataye su tare.

Ya jingina su da bango.

Tsohon hoton baƙi da fari ne, gefensa ya dafe. Wata yarinyar mace ce da goyo, tsaye a gaɓa, ido a kan ruwa. Tsayuwar ɗaya, karkatar wuyan ɗaya, hatta hannun da ya dafe ƙirji.

Iya ta matso tana ƙanƙance ido. Ta daɗe.

“Ni ce,” ta ce. “Ranar da ruwa ya tafi da kakanku.”

Kowa ya san goyon nan Malam Shu'ibu ne, ɗanta na fari, wanda saboda kunya ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ko ranar da aka tsamo gawarsa daga cikin ciyawar kacala ba wanda ya ga hawayenta, carbi kawai take ja. Yanzu ta ɗora yatsa a kan ɗan kan da ya leƙo ta bayan kafaɗarta, tana shafawa a hankali.

“Shu'ibu...”

Kukan tsohuwa ba daɗin ji. Ya'u da duk zafin kansa sai da ya juya baya yana goge ido da hula. Daga baya ya ce shi ya janye rantsuwarsa, zai yi kaffara, magana ta rage ga Saude.

A zaure Saude da Rilwanu suka tsaya, inda suka saba hira. Rilwanu ya ɗan sami ƙarfin gwiwa.

“Kin gani, abar ƙaunata? Ba ke kaɗai kika taɓa tsayuwar nan ba. Abin da na so duniya ta gani ke nan.”

“Na gani,” ta ce. “Kuma na gode. Ka dawo wa Iya da ɗanta.”

Wallahi har yanzu tana sonsa, son da ke hana ta barci. Ta kalli idanun nan da suka fara burge ta, idanun da ba abin da ke wuce su.

“Da ka ɗauka, me ka yi bayan nan?”

Ba zai mata ƙarya ba.

“Na... sake ɗaukar wani. Hasken bai zauna ba a na farkon.”

Ta gyaɗa kai, hawaye na bin kumatunta. Ta zare zoben azurfar da ya ba ta, ta ɗora a kan dakali, don hannunta ba zai iya miƙa masa ba.

“Saude, don Allah. Wanda ya ɗauki Iya ma haka ya yi, kuma ga shi yau...”

“Wanda ya ɗauki Iya baƙo ne, Rilwanu. Wucewa yake, bai san sunanta ba. Ni a ranar nan waige-waige nake ina neman ka.”

Ta shige gida. Ya daɗe a tsaye, kyamara rataye a wuyansa, yana jiyo muryar Iya daga ciki tana ta maimaita sunan ɗanta.