Tubali Mai Shatin Yatsu Huɗu

Ranar da Lilian da mijinta Yona suka je kallon kangayen Turawa a Zungeru, ta tsinci wani tsohon tubali mai shatin yatsu huɗu, ta jefa shi a mota don tsaraba.

Duhun magariba ya same su a hanyar Minna, suka rage wa wani dattijo hanya. Shigarsa ke da wuya, motar ta gume da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, alhali an daɗe ba a yi ruwa ba.

"Baba, ina za ka sauka?" in ji Lilian.

"Aikina na biyo, 'yata. In bai cika ba, Bature zai sa a zane ni."

Ta waiwaya. Tubalin na kan cinyarsa, yatsunsa huɗu sun zauna daram cikin shatin. Na biyar ɗin dungulmi ne.