Farantin da Wilberth Ya Ƙi Fasawa

"Landy, ki bar min wuyan rigar nan haka, kin kusa shaƙe ni!"

"To tsaya mana! Haka za ka je gaban Baba da wuyan riga a karkace?"

Muna tsaye a ƙofar gidan cin abincin Girkawa da ke cikin babban wurin shaƙatawar nan na bakin teku, inda Wilberth yake aiki. Shi ne mai gyaran lilon ƙarfen da ke juya mutane sama da ƙasa suna ihu. Shekararmu biyu tare, yau kuma zai nemi aurena a wurin iyayena. An ba shi takardar cin abincin mutum huɗu saboda ya zama gwarzon ma'aikata, wata uku ke nan yana ɓoyonta a ƙarƙashin katifa saboda wannan rana.

"Kin dai gaya wa mahaifinki labarina ko?" ya tambaye ni.

"Na gaya masa... wani abu."

"Wane abu?"

"Na ce mahaifinka yana Tizimín yana kiwon shanu, ciwon ƙafa ne ya hana shi zuwa."

Ya saki hannuna.

"Landy! Ƙarya kika yi wa Don Gaspar?"

"Haba masoyina, ka san halin Baba. Bari dai ya saba da kai tukuna, sauran mu gyara a hankali."

A garinmu Dzilam saurayi ba ya neman aure da bakinsa. Manyansa ne ke zuwa gida da burodi da cakulan da kwalbar giya, su zauna su yi maganar. Wilberth kuwa ba shi da kowa. A gidan marayu na sistocin coci ya tashi a Valladolid, ko sunan mahaifinsa bai sani ba. Shi a ganinsa idan ya kai iyayena wuri mai tsada, girman wurin zai rufe kujerar da babu mai zama a kanta. Ni kuma tsoro ya sa na ƙara masa da ƙarya. Na san idan Baba ya ce a'a ba zan iya tsallake maganarsa ba, kuma ban san yadda zan rayu babu Wilberth ba.

Kafin ya sake magana sai ga su. Awa huɗu suka yi a mota. Mama ta sha farar rigarta mai furanni a wuya, da jaka a hammata. Baba yana bayanta cikin rigar zuwa coci, yana duban sama inda mutane ke ihu a kan lilo.

"Da hankalinsu suke hawa wancan?" Gaisuwarsa ke nan.

"Barka da zuwa, Don Gaspar. Barka, Doña Candita. Ya hanya?"

"Hanya ta yi tsawo, yunwa kuma ta yi yawa," in ji Mama. "Mu shiga."

Ciki fari da shuɗi ne ko'ina, ga wasu manyan ginshiƙai. Baba ya ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ya ji fanko ne, ya dube ni. Wani dattijo mai furfura ya zo ya ja mana kujeru, a ƙirjinsa an rubuta Nikos, suna irin na Girkawa. Baba ya ƙura masa ido.

"Nikos? Kai ba ɗan Eusebio ba ne, mai sayar da ƙanƙara a Temax?"

Mutumin ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Ƙanensa ne, Don Gaspar. Da yamma kawai nake Nikos."

Mama ta yi dariya har da dafa tebur. Na ce a raina to madalla, an fara da sa'a. Ashe ban san me ke tafe ba.

Aka fara kawo wasu 'yan ƙananan abubuwa naɗe cikin ganye. Fuskar Mama ta washe, ta ɗauka tamal ne, alalen masarar garinmu.

"Oh, su ma suna yin tamal! Amma kai, wannan rowa har ina?"

Ta zauna tsaf tana kwance ganyen ɗaya bayan ɗaya, yadda muke kwance ganyen ayaba a gida. Ta kwance nata, ta kwance na Baba, ta tara ganyen a gefe. Abin da ya rage bai wuce cokali biyu na shinkafa mai sanyi da tsami ba. Nikos ya dawo ya tsaya sororo.

"Doña... ai har da ganyen ake ci."

"A ci ganyen? Ka gan ni da ƙaho ne?"

Ta nemi tortiya, gurasar masarar da muke ci a gida, aka ce babu. Aka kawo wani burodi mai faɗi wanda ya bushe tun safe. Ta nemi yaji, aka kawo man zaitun. Sai kawai ta zuge jakarta ta fito da attaruhu guda uku da 'yar wuƙa. Ni da na yi shekara huɗu a birni ina koyon wayewa, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Duk wannan wasa ne a kan babban abincin. Wilberth, don ya girmama Baba, pulpo ya sa aka gasa, wannan dabbar teku mai hannu takwas. Shekara arba'in Baba yana kama pulpo da sandar gora, yana ɗaura ƙaguwa a matsayin tarko. A duk Dzilam babu wanda ya kai shi saninsa.

Ya yanka da ƙyar. Ya sa a baki. Ya tauna, ya tauna, ya ƙara taunawa, mu uku muna kallon muƙamuƙinsa.

"Wannan ya fi shekara a firji," ya ce. "Kuma jariri ne. Irinsa mu mayar da shi ruwa muke yi, mu ce ya gaida uwarsa."

"Yi haƙuri, Don Gaspar, na ɗauka..."

"Ci abinka, yaro. Ba kai ka dafa ba."

Wilberth ya ci kuwa, tas, gumi yana bin goshinsa. Na tausaya masa har cikin raina. Da ya gama ya goge baki, ya gyara zama, ya haɗa hannuwansa a kan tebur.

"Don Gaspar, Doña Candita, dama dalilin da ya sa na..."

Baba ya ɗaga hannu.

"Na san dalilin. Amma wannan maganar manya ce, kuma a gida ake yin ta. Yaushe ƙafar mahaifinka za ta warke?"

Wilberth ya dube ni. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, idona yana roƙonsa. Ya sunkuyar da kai.

Daidai nan kiɗa ya ɓarke. Ma'aikata suka fito suna tafi, suna raba wa kowane tebur fararen farantai. Nikos ya miƙa mana huɗu.

"Me za a zuba a ciki?" Mama ta tambaya da 'yar sauran fata.

"Ba komai, Doña. Fasawa ake yi. Al'adar wurin ce."

"Fasawa? Laifin me suka yi?"

Baƙi 'yan yawon buɗe ido suka mimmiƙe suna ihu, suna maka farantai da ƙasa. Tas! Tas! Mama ta rungume nata a ƙirji. Baba ya juya nasa yana dubawa, yana girgiza kai. Ni na ɗaga nawa don in nuna na waye, amma hannuna ya ƙi saki.

Nikos ya dafa kafaɗar Wilberth.

"Kai ne mai gayya, kai za ka fara. Maka shi!"

Wilberth ya miƙe. Ya ɗaga farantin sama. Ya daɗe a haka, sannan ya sauke shi a hankali ya ajiye a tebur, har yana gyara masa zama.

"Ba zan iya ba," ya ce.

"Me ya hana?" in ji Baba.

"Inda na tashi, kowane yaro farantinsa ɗaya ne. Sista Amparo ce ke rubuta sunanka a bayansa da jan fenti. Shi kaɗai ne abin da za ka nuna ka ce naka ne. Shekara goma sha huɗu ina ci a nawa, ko tsagewa bai yi ba..."

"Wilberth..." na ce.

"A'a, Landy. Bari in faɗa." Ya juya ga Baba. "Don Gaspar, ba ni da uba a Tizimín. Ba ni da shanu. A gidan marayu na girma, ban san wanda ya haife ni ba. Babu wanda zai zo gidanka da burodi da cakulan a madadina. Na kawo ku nan ne don na ɗauka kyan wuri zai rufa min asiri, ga shi ko abincin bai yi ba. Ina son Landy fiye da raina. Amma ba zan karɓe ta da ƙarya ba."

Kiɗa yana ta tashi, ana ta fasa farantai.

Baba ya juyo gare ni a hankali. Da ya yi min tsawa da ya fi min sauƙi.

"Ke kika shirya zancen shanun?"

"Ni ce, Baba... Shi bai ma sani ba sai ɗazu."

"Ashe haka kika ɗauke ni, Landy? Mutumin da sai an yi masa ƙarya?"

Hawaye suka ɓalle min.

"Tsoro na ji, Baba! Na san ba ka wasa da al'ada. Na ji tsoron ka ce a'a, in rasa shi ko in rasa ka..."

"Ba na wasa da ita kam," ya ce. "Namiji ba ya neman aure da bakinsa. Haka na taras, haka zan bari."

Ya ture kujerarsa ya miƙe. Na kama hannun Mama.

"Mama, ki yi masa magana! Don Allah!"

"Ƙyale shi," ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

Na tabbata ƙofa zai nufa. Sai na ga ya zagaya teburin, yana taka fasassun farantai, ya zo ya tsaya a kaina.

"Tashi ki koma kusa da uwarki."

Na tashi na koma kusa da Mama. Ya zauna a kujerata, kafaɗa da kafaɗa da Wilberth. Ya ɓalle maɓallin wuyan rigarsa ya sake maƙalawa. Ya jawo kwandon busasshen burodin nan ya tura gaban Mama, ya yi gyaran murya, ya kira ta da cikakken sunanta.

"Doña Candelaria, barka da yamma. Ki yi mana afuwa, mun zo ba shiri, guzurinmu ma abin kunya ne."

Mama ta ajiye farantinta, ta gyara zama, ta ɗaure fuska tamau kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

"Barka kadai, Don Gaspar. Me ke tafe da ku?"

"Yaron nan nawa ne ya ga 'yar gidanki. Yana da sana'a a hannunsa. Ba ya ɓarna, kin gani da idonki. Ƙarya ba ta zama a cikinsa, kin ji da kunnenki. Pulpo ne dai bai sani ba, wannan kuma ni zan koya masa. Mun zo neman aurenta."

Wilberth ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna girgiza. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Ni kam ban san inda nake ba, kuka nake ina dariya, ina gode wa Allah da ya ba ni wannan tsoho mai taurin kai a matsayin uba. Har Nikos na gani yana share ido da tsumman goge tebur.

Mama ta ɗauki burodin, ta jujjuya shi, ta mayar.

"Mun ji. Amma yarinyar ƙarama ce, ko wake ba ta iya dafawa ba. Ga ƙarya kuma da ta koyo a birni. Ku je, za mu yi shawara."

Wilberth ya ɗago a firgice.

"Doña Candita! Don Allah, ni ko ba ta iya dafa komai ba..."

Baba ya danne masa gwiwa.

"Kai, yi shiru! Manya na magana kana sa baki? A zuwan farko ba a bayarwa, sai an wahalar da mu. Ni sau uku uban matar nan ya kore ni."

"Sau huɗu," in ji Mama.

"To ka ji." Baba ya miƙe, ya kama hannun Wilberth ya ɗaga shi tsaye. "An hana mu yau. Ranar Lahadi sai mu koma, a gida, da burodin kirki. Ka zo tun Asabar ka kwana a wurina, da safe mu fita ta baya mu zagayo mu yi sallama a ƙofar gaba."

"Don Gaspar... ban san da bakin da zan gode maka ba."

"Wane Don Gaspar kuma? Wanda ya nema maka aure, me ake kiransa?"

Wilberth ya dube shi. Shekararsa ashirin da tara a duniya bai taɓa kiran kowa da wannan suna ba. Sai ga sunan ya fito daga bakinsa, a hankali.

"Baba..."

"Na'am, ɗana," in ji Baba. "Mu tafi."