Abokin Nutson Mereoni

Tun da teku ta riƙe mijinta Sakiusa, wanda kullum tare suke nutso, Mereoni ba ta sake taɓa kyamararta ba sai yammacin da dattawan ƙauye suka ɗage hanin shiga ruwa na makokinsa.

"Magariba ta yi, ƙanwata," in ji yayanta Ilisoni daga cikin kwalekwale. "Kuma ba a nutso mutum ɗaya. Kin fi kowa sani."

"Abokin nutsona yana can ƙarƙashin ruwa, Yaya. Kai dai haska min fitila."

Ta goya tukunyar iskar numfashi ta faɗa ruwa.

Duwatsun murjani sun yi duhu, ba ta jin komai sai numfashinta. Can sai ga ƙarar ƙarfe a jikin tukunya, irin kiran masu nutso. Mutum ne a gefenta. Ta ce a ranta, Yaya da taurin kai. Ya nuna mata kunkurun ruwa kwance a rami, ta ɗauki hotonsa. Ya ja mata ɗamarar da kullum take mantawa ta matse, hannunsa sanyi ƙalau. Sannan ya duba ma'aunin iskarta, ya ɗaga babban yatsa, alamar ta hau sama.

Ta ɗaga kai. Ga fitila can tana lilo a hannun Ilisoni, kumfar numfashinta na tashi wajensa.

Ta juyo. Ko kumfa ɗaya ba ta fita daga bakin na gefenta. Ya sake ɗaga yatsan a hankali, kamar mai roƙo.