Injin Numfashin da Ya Ɓace a Sentul

Ƙarfe tara na safiyar Talata, cikin watan Yulin 2021, ana tsakiyar annobar korona, wata mata ta shigo caji ofis na unguwar Sentul a Malesiya, ta ce an sace injin numfashi.

Insfekta Hambali ya nuna mata kujera. Ɗan Malesiya ne, amma ya yi shekara uku a jami'a ɗaki ɗaya da wani Bakano, don haka yana tsintar Hausa, sauran kuma su cike da Turanci.

Sunanta Hureira, ɗaliba ce. Jiya aka sallamo mijinta Usaini daga asibiti saboda masu jiran gado sun yi yawa, likita ya ce sai ya yi mako biyu da injin iska a gida. 'Yar tukunyar iskar da suka aro ba za ta kai magariba ba. Injin da ƙungiyar 'yan Najeriyar unguwar ta saya don irin wannan rana kuwa ya yi ɓatan dabo.

"Yaushe ya ɓace?"

"Kwana huɗu ke nan. Ni yau na ji."

"Kwana huɗu, ba wanda ya kawo rahoto?"

"Manyanmu sun ce a rufa asiri, kada a zubar da mutuncin Najeriya."

Haka muke. Abu ya ɓace, kowa ya sani, kowa ya ce Allah ya kyauta, sai ran da numfashin wani ya tsaya a tashi neman mai laifi. Insfekta ya ɗauki hularsa, ya kira wani kofur, suka fita tare da Hureira.

A surau ake ajiye injin, wato ɗan masallacin katako da ma'aikatan jirgin ƙasa suka gina tun Sentul tana garin gyaran taragu. Yanzu dogayen benaye sun kewaye shi, rana ma sai azahar take leƙo shi. Dokar kulle ta hana jam'i, ƙofar a rufe take, kuma ba a taɓa kwaɗon ba.

Mai kula da wurin, Pak Osman, tsohon makanikin jirgi ne, suka same shi a fusace.

"Injin kaɗai ake magana? Kifina fa? Kifin da za a raba wa mabuƙata duk ya ruɓe a firij!"

"An ɗauke wuta ne?"

"A Sentul? Ɓarawon ne ya kashe. Firij, fanka, agogon sallah, duk ya kashe soket, ya zare filogi. Wane irin ɓarawo ne wannan?"

Insfekta ya durƙusa yana kallon filogan da aka jera a ƙasa. Ya san wannan aikin. Abokin ɗakinsa na jami'a ba ya fita sai ya zare komai, wai kada wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona kaya, shekara uku bai yarda wutar Malesiya ba ta yin haka ba.

"Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa, da na 'yan Najeriya, yana rataye a shagon Abdulwahidu."

Kafin su fita sai ga shugaban ƙungiya, Alhaji Sha'aibu, ɗan kasuwa mai tura kayan wuta Legas. Ya harari Hureira, sannan ya yi wa Insfekta fara'a.

"Ranka ya daɗe, ai da ba a wahalar da kai ba. Leburorin ginin can ne, an gan su suna shawagi."

"Wa ya gan su?"

"Mutane."

"Alhaji, mako uku ke nan da aka rufe ginin can, aka killace leburorin a masaukinsu. Ni na sa 'yan sanda a ƙofar."

Alhaji ya gyara takunkumin fuskarsa, ya ce to Allah ne masani, ya shiga mota.

Shagon Abdulwahidu yana ƙasan wani tsohon bene, yana sayar da gari, manja da ƙananan kayan wuta. Makullin na nan a ƙusa.

"Wa ya karɓa a makon nan?"

"Wallahi ba kowa, ofisa."

Insfekta bai musa ba. Ya zagaya kanta, ya tsaya gaban kwalaye biyu na sitabilaiza, wannan akwatin da ake sa wa firij a Najeriya don daidaita wuta. Gefensu ƙura ta zana gurbin kwali na uku.

"Wa ke sayen wannan a Malesiya?"

"Masu komawa gida."

"Wa ya koma gida a makon nan?"

Abdulwahidu ya shiga goge kantar da ba ta da datti. Hureira ta matso, ta yi masa Hausa zalla.

"Malam Abdul, dubi idona. Usaini ne ya kwana biyu yana yi maka jigilar kaya da ka karye a ƙafa. Yanzu yana can yana jan numfashi kamar mai hawan dutse, kai kana nan kana rantsuwa?"

"Maman Bilkisu, babba ne fa. Ya zan yi in kama sunan babba?"

"Girman nasa zai hura wa mijina iska?"

Ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiya. Ranar Juma'a Alhaji Sha'aibu ya karɓi makulli, ya ce zai duba injin. Da ya dawo da makullin, ya sayi sitabilaiza, ya ce abu mai tsada ba a jona shi a bango kai tsaye.

Alhaji yana hawa na ashirin da uku a ɗaya daga cikin sababbin benayen. Ya buɗe ƙofa da carbi a hannu, ya ce ba abin da yake ɓoyewa. Insfekta ya cire takalmi, ya wuce ɗakin kwana. Ga injin a gefen gado an lulluɓe shi da darduma, ga sabuwar sitabilaiza tana ƙyafta jar fitila.

"Wa ba shi da lafiya a gidan nan?"

Alhaji ya zauna bakin gado.

"Ba kowa. Yayana ya rasu a Kaduna bara, ana yawon neman iska. Tun daga nan ko tari na yi sai in ga kabari. Ajiyewa na yi kawai, don ko-ta-kwana."

"Jiya na kira ka, Alhaji," in ji Hureira. "Ka ce in yi haƙuri, in dage da addu'a."

"'Yata, a yi maganar nan tsakaninmu. Mu da muke baƙi a ƙasar mutane..."

"Tsakaninmu aka yi ta kwana huɗu."

Insfekta ya ɗauki hoton injin ta kowane gefe, ya rubuta lambarsa, ya miƙa wa Hureira takarda ta sa hannu cewa yana wurinta har kotu ta nema. Kofur ya riƙe hannun Alhaji suka nufi lif, maƙwabta na leƙe ta ƙofofi.

Ana kiran la'asar suka shigar da injin ɗakin Usaini. Allurar tukunyar aro ta riga ta kwanta kan ja. Hureira ta jona filogi a bango, ta sa masa robar a hanci, injin ya fara gurnani a hankali. Suka zuba wa ɗan ma'aunin iskar jini da ke yatsarsa ido. Tamanin da takwas. Casa'in da ɗaya. Casa'in da biyar.

Hureira ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da mayafi.

Usaini ya buɗe ido, ya bi waya da kallo har bango, ya ce da dasasshiyar murya, "Hure, haka kika jona shi? Ba sitabilaiza?"

Insfekta Hambali ya yi dariyar da rabonsa da ita tun farkon kulle, ya sa takalminsa, ya koma ofis rubuta rahoto.