Tukunyar Ranar Tarewa

"Ke mai shara, ajiye tukunyar nan ki zo ki goge tagogi!"

Mahaifiyar Gyuwon, wanda zan aura nan da wata ɗaya, ita ce ta faɗa tana nuna matar da ta shigo.

Na waiga wajen ƙofa.

Omma ce. Uwar da ta haife ni.

Tana bakin ƙofa cikin tsohuwar rigar sanyinta tana haki, ta rungume tukunyar lantarki kamar jaririya. A al'adarmu, ranar tarewa tukunya cike da shinkafa ce ke riga kowane kaya shiga gida, don kada yunwa ta san ƙofar. Ni kuwa ban gayyace ta ba. Na gaya wa su Gyuwon tsohuwar malamar makaranta ce a tsibirin Jeju, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Sau uku ina ɗage zaman gabatar da iyaye.

Gidan da muka kama haya a unguwar Seongsu falo ɗaya ne ƙato, hawa na biyar, ba bango a tsakani, tagoginsa tun daga ƙasa har rufi, kana hango jirgin ƙasa da cunkoson Seoul. A da masana'antar takalma ce. A nan Omma ta yi shekara ashirin da biyu tana shafa gam, har yatsunta suka lanƙwashe.

Serin, dillaliyar da ta samo mana gidan, ta saki murmushi. Ita ce wadda mahaifiyar Gyuwon ta so ya aura tun farko. Nan take na gane wadda ta tono asalina ta kira Omma.

"Dasom, ba ki san ta ba?" in ji Serin. "Kai, kun yi kama fa! Har hancin."

"Ban... ban san ta ba."

Da bakina na faɗa.

Omma ta dube ni sau ɗaya. Ta ajiye tukunyar a madafa, ta sunkuyar da kai.

"To, uwar gida. Ina tsumman?"

Ta durƙusa gaban taga. Gwiwarta ta yi ƙara, falon da ba kaya ya amsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga Gyuwon ya hawo daga wajen motar kaya yana share gumi.

"Zuciyata, lafiya? Kin yi fari fat! Iya, bari wannan, ai ya fi ƙarfinki, ni zan goge."

Wannan kirkin nasa ya ƙarasa ni. Na ruga na fizge tsumman, na zube gabanta.

"Omma! Omma, ki yafe mini!"

"Omma?" Gyuwon ya maimaita. "Ta Jeju?"

"Babu Jeju! Babu makaranta! A ɗakin nan ta yi aikin takalma ta ciyar da ni. Tsoro na ji kada ku raina ta... sai na riga ku."

Serin ta tafa hannu. "Kun ji ko? Ai na..."

"Fita!" Mahaifiyar Gyuwon ta daka mata tsawa. "Kin sani, kika bar ni na sa surukata shara?" Fuskarta ta yi jawur. Ta juyo kaina. "Ke kuma, wadda ta ƙi uwarta a gaban mutane, me zai hana ta ƙin miji?"

Na fara zare zoben alkawari.

Gyuwon ya riƙe hannuna gam.

"Raina ya ɓaci, Dasom, ba zan ɓoye miki ba. Shekara biyu kina yi mini ƙarya! Amma zoben nan ba inda za shi."

Ya gyara riga, ya haɗa hannuwa a goshi, ya yi wa Omma babbar gaisuwa har ƙasa, cikin ƙura.

"Omma, ɗanki ya makara wajen gaisuwa. Ki ba ni ita."

Mahaifiyarsa ta daɗe tana kallon yatsun Omma. Can ta ajiye jakarta, ta rusuna.

"Suruka, na yi kuskure. Maganar biki tana hannunki, ni bakina ya mutu."

"Na ba shi," in ji Omma. "Kansa ya jawo wa wahala, ko ƙwai ba ta iya soyawa ba."

Kuka ya ƙwace mini, na cusa fuska a cinyarta. Ta ɗan dungure mini kai, ta raɗa a kunnena:

"Tashi ki share majina, 'yar banza. A gaban surukai? Kina ba ni kunya."