Ramin Ɗakin Tarkace

Ranar da muka gama kwashe ɗakin tarkace, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ina tsaye a tsakar gida riƙe da tsintsiya, ina kallon motar 'yan gwangwan tana fita da kayan mijina: matattun fankoki, rediyoyi marasa murfi, injin wanki da bai taɓa wanke ko hankici ba. Mai gyaran kayan lantarki ne, Allah ya jiƙansa, kuma shi ba ya zubar da komai. Ya rasu ya bar mana gyaran gida a rabi, buhunan siminti a baranda, ɗaki guda cike da shirgi har rufi. Wata 'yar rediyo ja kawai na ɓoye, wadda yake kwana da ita a gefen matashi.

Ƙaninsa ne ya tsaya a kan aikin. Baffa yara ke kiransa, ni ma na bi bakinsu. Shi ya kawo birkila, shi ya yi ta jidar kaya yana dariya. "Matar Yaya, da an biye wa mijinki, da mu ma ya adana mu a nan ya ce wata rana za mu yi amfani."

Na yi dariya. Amma ban manta ba, ya sha gaya mini cewa gidan ya yi mana girma ni da 'yata Auta, kuma ya san wanda zai saya.

A ƙasan bangon ɗakin akwai wani rami kamar faɗin tafin hannu, inda aka taɓa nufin sa bututu. Marigayi bai taɓa yarda a toshe shi ba. Kuma ba ya shiga ɗakin sai ya ƙwanƙwasa ƙofa ya yi sallama, alhali babu komai ciki sai tsatsa. Mun sha tsokanarsa a kan haka. Da birkila ya tambaye ni, na ce ya toshe, ɓeraye sun ishe ni. Ya cika shi da siminti ya shafe, Auta ta bi da farin fenti.

Ana idar da sallar magariba, dutse ya sauka a kan kwanon rufinmu. Sai wani. Sai shiru mai nauyi, irin wanda har numfashinka kake ji. A cikin shirun nan ne muka jiyo wani sauti daga ɗakin da muka share, a hankali, kamar yaro yana buga bango da yatsa.

Ba a jima ba Baffa ya shigo yana haki. Ya ce wucewa yake yi ya ji ƙara.

Haka aka yi ta yi kullum da faɗuwar rana: jifa a sama, ƙwanƙwasa a ƙasa, sannan Baffa a bakin ƙofa.

"Gidan nan ba zai zaunu ba," ya ce. "Ku dawo wurina, a rabu da shi."

Na dubi hannayensa. Na riga na gama yanke masa hukunci a raina cewa shi ke jifan, har sai ranar da na tarar da Auta durƙushe a ɗakin, tana kankare fentin ramin da farce, yatsunta duk jini. Na kira sunanta, ta juyo. Idanun nata ne, amma kallon ba nata ba ne.

Da ƙafata na je na ɗauko Malam, wani dattijo da marigayi ke gyara wa fanka. Ya zauna a kan tabarma, ya sa Baffa ya riƙe Auta, ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Duhu yana shigowa ta taga. Can Auta ta buɗe baki, muryar wata tsohuwa ta fito.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni."

Malam ya ce, "Me ya haɗa ki da yarinya?"

"Ita ta shafe mini ƙofa. Mai gidan nan ya san da mu. Mun daɗe cikin kayansa, ko allura ba mu taɓa masa ba. Da kuka fara kwashewa na fita neman wani wuri, na bar ɗana yana barci. Na dawo na tarar da bango."

"Ba ga ƙofar ɗaki a buɗe ba?"

"Taku ce. Mu ta inda aka ba mu izini muke bi."

Malam ya ce za a buɗe ramin, ta ɗauki ɗanta ta bar yarinya da gidan. Ta ce sai an dawo da tarkacen duka. Ya ci gaba da karatu. Ta yi ƙara, ta ce to a bar mata ɗakin. Ya ƙara murya. Daga ƙarshe ta ce, "Rediyon nan ja. A ciki ɗana ya saba kwana."

Babu wanda ya san na ɓoye ta. Na tashi na ɗauko, na ajiye a bayan bango daidai ramin. Baffa ya ɗaga guduma. Kafin ya buga, bakina ya suɓuce.

"To jifan fa, Iya? Me muka yi da za ki yi ta jifanmu?"

Ta yi wata busasshiyar dariya. "Mu ƙwanƙwasawa muke yi, kamar yadda mai gida ya saba mana. Mai jifanki yana da inuwa."

Gudumar ta daɗe a sama kafin ta sauka. Simintin ya fashe, wata iska mai sanyi ta bi ta ƙafafunmu ta fita. Auta ta yi atishawa ta faɗi a jikina, ta ce, "Umma, yunwa nake ji." Da gari ya waye babu rediyo.

Da na raka Malam ƙofa ya ce, "'Yata, kada ki ɗauki zancensu a matsayin shaida. Ƙarya ba ta yi musu wuya."

Na ce to.

Tun daga ranar ƙwanƙwasar ta tsaya, jifan ma ya tsaya. Ban san ko don tsohuwar ta tafi ba ne, ko don wani ya ji abin da ta faɗa. Mun ƙarasa sa tayil a ƙasa, mun sa labule, muna zaune a gidanmu. Ramin kuwa na bar shi a buɗe.

Baffa yana zuwa gaishe mu, ya yi barkwanci, ya sha ruwa. Bai sake zancen mai saye ba. Ni ma ban tambaye shi ba. Sai dai idan rana ta yi ja ya tashi zai tafi, nakan raka shi har titi, in tsaya ina kallon inuwarsa har ta sha kwana.